Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin ilimi da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya (SUBEB) na jihohin Arewa maso Yamma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, Ya sa ku gama lafiya.

Ni malamin makarantar gwamnati ne, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar hukuma mai nisa da babban birnin jiha. Wannan wasiƙa ba tawa ce ni kaɗai ba. Muna da wani zaure a WhatsApp da ya haɗa malaman firamare da na sakandare, maza da mata, daga jihohi daban-daban na wannan yanki, inda muke musayar darussa da tambayoyin jarrabawa, wani lokacin kuma da koke-koke. A can aka daɗe ana tattauna abin da zan faɗa, daga bisani aka ce in tattara in rubuta da yawun kowa.

Abin da ya tayar da maganar sananne ne. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar cewa jarrabawar WAEC da ta NECO za su koma kan kwamfuta, a fara da tambayoyin zaɓi, sannan a 2026 a haɗa har da na rubutu. A cikin shekarar kuma aka fito da sabuwar manhajar karatu wadda ta shigo da darasin fasahar zamani tun daga firamare. Ko an cika wa'adin da aka ɗiba ko an ɗaga shi, kowa ya ga inda aka dosa. Mu ba mu ƙi ba, domin 'ya'yanmu ne a waɗannan azuzuwa, kuma ba ma so a bar su a baya. To amma Abuja sanarwa take yi, malamin da zai aiwatar naku ne. Ku kuke ɗaukarsa aiki, ku tura shi ƙauye, ku biya shi albashi, ku yi masa ƙarin girma ko ku hana. Shi ya sa muka doso ƙofarku.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake horar da mu. Duk malamin da ya taɓa zuwa bita ya san tsarin, don ba ya canzawa. A kira mutane babban birni, a kama ɗakin taro a otal. Rabin ranar farko ta tafi a jiran babban baƙo da jawabin buɗe taro da ɗaukar hoto. Sai mai gabatarwa ya kunna majigi ya yi ta karanto abin da ke jikin bango da Turanci, ana tafi. Idan an zo gwaji, kwamfuta ɗaya ce a gaban mutum biyar ko shida, kuma wanda ya riga ya iya shi zai ja ta gabansa, sauran su zuba ido. Ranar ƙarshe hankalin kowa yana kan layin alawus da takardar shaida. Daga nan a ce mana mu koma mu koyar da 'yan'uwanmu abin da muka koya, ba tare da an ba mu na'ura ko lokaci ko kuɗin mota ba. Wanda aka koya wa a Abuja ya koya wa na jiha, na jiha ya koya wa na ƙaramar hukuma, shi kuma ya koya wa na makaranta, kamar kunun da duk wanda ya karɓa sai ya ƙara masa ruwa, kafin ya iso hannun malamin ƙauye launi kawai ya rage.

Sannan su wa ake zaɓa? Fuskokin nan dai ne kullum. A wata bita da na halarta kan koyarwa da kwamfuta, wanda ke zaune kusa da ni ma'aikacin ofis ne, rabonsa da riƙe alli ya manta, na bayana kuma ritaya yake shirin yi kafin ƙarshen shekarar. Malamar da ke da goyo, ko wadda maigidanta ba zai bar ta ta kwana a wani gari ba, sunanta ba ya ma shiga lissafi, alhali a makarantu da yawa na cikin gari mata ne ke riƙe da ƙananan azuzuwa, inda yaro ke koyon karatu ko ya rasa shi har abada. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kuma a cikin kuɗin akwai kason da aka keɓe musamman domin horar da malamai. Saboda haka ba kyauta muke roƙo ba. Muna tambaya ne a kan abin da wannan kaso yake saye, domin idan aka auna shi da abin da ya canza a cikin aji, masu otal da masu dafa abincin taro sun fi mu cin moriyarsa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a gabanku ba, wato tsoro. Tun da aka yi wa malaman firamare na Jihar Kaduna jarrabawar gwaji a 2017, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, aka kuma sallame su, malami a wannan yanki yake ɗaukar duk wani gwaji a matsayin tarko. Ba zan shiga gardamar ko an yi daidai ko ba a yi ba, an riga an sha ta. Abin da ya rage mana shi ne dattijon malami, wanda ya ƙware a darasinsa, ya yaye likitoci da injiniyoyi, amma ya gwammace ya yi shiru da ya ce bai san yadda ake kunna kwamfuta ba, don kada maganar ta isa ofis. Na ga irinsa a ɗakin jarrabawar samun lasisin koyarwa, wadda a kan kwamfuta ake yin ta. Ya san amsar tambayar sarai, hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, wato maus, kibiyar tana ta yawo ta ƙi tsayawa inda yake so, ga agogo yana tafiya a kusurwar gilashin. Mutumin da yake ɓoye rashin saninsa ba zai taɓa koyo ba, kuma ku kaɗai ne za ku iya cire masa wannan fargaba.

Kuka na biyu, kayan aikin da ake kawowa ba sa isa hannun yara. Makarantu da dama suna da ɗakin da aka rubuta wa ɗakin kwamfuta a bisa ƙofa. Ku nemi makulli ku gani. Yana aljihun shugaban makaranta, kuma ba mugunta ce ta sa ya riƙe ba. Shi ya sa hannu ya karɓi kayan, makarantar ba katanga, ba maigadi, ya kuma san idan ɗaya ta ɓata ko ta lalace a albashinsa za a cire. Sai ya lulluɓe su da zani ya kulle, ranar da baƙi za su zo a share ɗakin a jera yara a ɗauki hoto. Inda aka saka sola, batir ya mutu bayan 'yan shekaru, ba a ware ko sisi don canza shi ba. Inda janareta ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba makarantar da ke iya ciyar da shi daga ɗan abin da take samu. Wutar gwamnati kuwa, kowa ya tuna watan Oktoban 2024 da yawancin Arewa ta shafe kwanaki a cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Ƙauyuka da yawa ma ba su san an yi ba, don ba su da wayar wutar tun asali.

Sakamakon haka, malamin kwamfuta yana zana linzami da madannai, wato kibod, a jikin allo da alli, yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassan, su ci jarrabawar ƙarshen zango da maki mai kyau. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, har ta kai ga tsara yadda ɗalibi zai amsa da 'yan haruffa takwas na madannai ba sai ya taɓa linzami ba, saboda ta san irin yaran da ke zuwa mata. Duk shekara iyaye suna biyan masu shagon kwamfuta a cikin gari su nuna wa yaro inda zai danna ana saura mako guda jarrabawa, mu kuwa mun san ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan a tambayoyin zaɓi ke nan. Yanzu ana maganar yaro ya buga insha'i da hannunsa, yana farautar kowane harafi da yatsa ɗaya, lokaci na ƙurewa. Wanda zai rubuta jarrabawar Hausa, a ina zai samo ƙ da ɗ da ɓ a madannan da aka saba kawowa? Na Larabci fa, da zai rubuta daga dama zuwa hagu? Ba mu ji wanda ya zauna da malaman waɗannan darussa a kan wannan ba. Kuma idan JAMB, da ta shekara goma tana wannan aiki, ta gamu da matsalar na'ura a 2025 har ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas suka sake rubuta jarrabawar, to jarrabawar da ake shafe makonni ana yi a kowane lungu tana buƙatar shiri fiye da sanarwa.

Kuka na uku shi ne ya fi ci mana rai. Ana magana a kanmu kamar ba mu da wata dabara sai wadda aka kawo mana daga waje. Lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malamai ne suka shiga gidajen rediyon jihohi suna karantar da yara ta iska, wasu kuma suka koma aika darasi ta waya ba tare da wani ya umarce su ba. Da aka buɗe makarantu aka yi watsi da duk wannan, kamar ba a yi ba. Amma wasunmu ba su daina ba.

A zaurenmu akwai wata malama da ke koyar da aji biyu na firamare. Sai dare ya yi, 'ya'yanta sun yi barci, gida ya yi tsit, take ɗaukar wayarta ta naɗi darasi na minti biyar da Hausa: sautin harafi, yadda ake haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa, da 'yar waƙa da ta tsara da kanta don yara su riƙe. Iyayen da ke da babbar waya ta tura musu ta WhatsApp. Sauran kuwa ta kai wa mai cajin waya na bakin kasuwa, duk wanda ya kawo caji ya ce a saka masa karatun Malama a memori, ko a tura masa ta Bluetooth. Abin da ba ta zata ba, matan aure a cikin gidaje suka fara bin darasin tare da 'ya'yansu, har wata ta aiko mata da takarda da rubutun hannunta na farko. Datar da take amfani da ita daga albashinta ne, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ranar da mai duba makarantu ya zo ya tarar tana kunna wa yara wannan sauti a aji, takardar tuhuma ya ba ta, wai tana wasa da waya a lokacin aiki. Ban ga laifinsa sosai ba. Takardar da aka ba shi ya cike tana tambayar rajista da littafin shirin darasi da aka rubuta da hannu da tsaftar aji, babu layi ko ɗaya da zai rubuta cewa wannan malama ta ƙirƙiro wani abu. Haka ma ranar ƙarin girma: shekarun aiki za a duba da takardun makaranta, ita da wanda ke zuwa ya zauna a gindin bishiya har a tashi matakinsu ɗaya.

Irinta suna da yawa. Akwai malamin kimiyya da ke ɗaukar bidiyon gwaji da gwangwani da batirin tocila saboda makarantarsu ba ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wanda ya tattara tambayoyin shekarun baya ya mayar da su wasan gasa a waya. Ba wanda ya san da su a ma'aikata, kuma idan aka yi wa ɗayansu canjin wurin aiki ko wayarsa ta faɗa ruwa, shi ke nan aikin ya tafi.

Wannan ne ya sa muke ɗari-ɗari da wani salo da ke yaɗuwa. Jihar Edo ta fara shi a 2018 da shirin EdoBEST, Legas da Kwara suka bi: a ba kowane malami kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin ranar a rubuce, kalma bayan kalma, da mintunan da zai yi a kan kowane sashe, na'urar kuma tana aika wa ofis lokacin da ya zo da inda ya tsaya. Gaskiya tana da amfani. Tana kama mai fashin aiki, tana kuma tallafa wa sabon malamin da bai san ta inda zai fara ba. Sai dai ajin da muke shiga yakan haura yara ɗari, mafi yawansu ba sa jin Turanci, dole ka tsaya ka juya bayanin zuwa Hausa ko Fulatanci, ka kawo misali da awon gero ko canjin kuɗi a kasuwa, ka koma baya idan ka ga idanu sun yi fari. Na'urar da ke ƙirga minti za ta rubuta ka a matsayin wanda bai gama darasi ba. A hankali malami zai gane cewa abin da ake so shi ne ya karanta ya wuce, sai ya daina tunani. Sannan darussan na waye? Idan kwangila ta ƙare ko gwamnati ta canza, me zai rage a jiha? Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutocin Opon Imo a 2013 da gagarumin biki, yau ba a jin ɗuriyarsu. Shirin ilimin 'yan mata na AGILE, na Bankin Duniya, da aka fara a 2020, wanda Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi ke cikin jihohinsa na farko, yana da sashen koya wa 'yan mata fasahar zamani, kuma muna maraba da shi. Amma rance ne, yaran da ke aji yau su za su biya, kuma yana da ranar ƙarewa. Bayan wannan rana abin da ya shiga kan malami ne kawai zai ci gaba da aiki.

Wani abin takaici, akwai kayan da suke nan kyauta ba a sanar da mu ba. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai darussa har da na Hausa. Da aka ambace shi a zaurenmu, da yawa ranar suka fara jin sunansa. A gefe guda kuma yaran birni sun riga mu nisa: suna tambayar Meta AI da ke cikin WhatsApp ko ChatGPT amsar aikin gida, su kwafo tsaf su kawo, malami yana ta yaba Turancin bai san daga ina ya fito ba. Har yau ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda za mu gane irin wannan, balle yadda za mu yi amfani da shi wajen shirya darasi da lura da kurakuransa.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A dawo da horo cikin makaranta. A haɗa makarantu maƙwabta rukuni-rukuni, a ware sa'o'i biyu a jadawali duk mako ko duk mako biyu, malamai su haɗu da wayoyinsu da darasin da za su koyar gobe, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba, da harshen da kowa ke ji. Kuɗin otal ya koma kuɗin data da na mota da ɗan ihsani ga mai jagorantar rukuni. Makarantun horon malamai da ke Gumel da Dutsin-Ma da Maru da Argungu da Gidan Waya da Kumbotso da Sakkwato su riƙa turo malamansu suna shiga aji suna ganin abin da ake yi, ita ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1976 domin horar da malami yana bakin aikinsa, a jawo ta ciki. Idan kuma dole sai an kira bita a birni, a liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa da makarantunsu a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kafin a tafi, kowa ya gani.

Ku fitar da takarda a rubuce cewa rashin iya kwamfuta ba zai zama dalilin kora ko rage matsayi ba ga duk malamin da ya shiga horo. Ku fitar da wata ga shugabannin makarantu cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi a lokacin darasi ba bashi ba ce a wuyansu. Waɗannan takardu biyu ba sa cin ko kwabo, kuma za su buɗe ɗakuna da bakuna da yawa. Kada a ƙara karɓar kwamfuta daga kowa, gwamnati ko mai ba da tallafi, sai da tanadin wuta da maigadi da kuɗin gyara na shekaru. A ba malamai rancen waya ko kwamfuta marar ruwa, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi, a kuma zauna da kamfanonin waya a nemi shiga shafukan karatu ba tare da cin data ba.

A buɗe rumbu a kowace jiha inda malami zai ajiye darasin da ya ƙirƙira, na sauti ko bidiyo ko rubutu, masana su tace, a saka sunansa a kai, gidan rediyon jiha ya riƙa watsa waɗanda suka fi kyau. A sa wannan a cikin takardar masu duba makarantu da ma'aunin ƙarin girma. Jihar da ta yanke shawarar ɗauko kamfani mai rubutaccen darasi, ta sa a yarjejeniya cewa darussan mallakarta ne, malamanta na cikin masu rubutawa, kuma malami yana da damar tsayawa ya yi bayani ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba.

A ƙarshe, ku ne kuke zama a Majalisar Ilimi ta Ƙasa tare da Minista. Kafin zama na gaba, ku aika a ƙirga kwamfutocin da ke kunnuwa yau a makarantunku, ba waɗanda aka rubuta an raba ba, da yawan ɗaliban ajin ƙarshe da suka taɓa buga shafi guda da hannunsu. Ku kai wannan lissafi teburin, a tsara wa'adin jarrabawa a kansa. Muna kuma neman kowannenku ya ba malaman aji, ban da shugabanni da jami'an ofis, zama na awa biyu kafin a kammala kasafin kuɗin ilimi na baɗi. Za mu zo da wayoyinmu da darussan da muka haɗa, ku saurara da kunnenku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin aji, a madadin 'yan'uwansa malaman firamare da sakandare.